Nelson ɗin nan da kuke nema, ba lalle Nelson ba ne a Suwidin

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya ɗan riƙe ni, ka yi haƙuri. In na fahimce ka daidai, iyalinka 'yar Minisota ce, kakan kakanta ya taho daga Suwidin wajajen 1880 da 'yan kai, duk takardun da ke gidansu John Nelson aka rubuta, kun shiga shafukan binciken asali kun buga sunan abu ya zubo muku kamar ƙasa har kun rasa wanne ne naku, sannan surukarka ta ce ai a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shigowa ta New York a da, ma'aikata suka canja masa suna. Kana so ka san ta ina za a kamo bakin zaren, saboda yaranku sun fara tambaya, sannan a ƙarshe ka tambaya ko gwajin DNA zai taimaka.

Toh bari in fara da maganar surukar taka, amma ka lallaɓa wajen gaya mata. Tsibirin Ellis sai a 1892 aka buɗe shi. Wanda ya sauka New York a shekarun 1880 ta Castle Garden ya bi, tashar tantance baƙi ta kafin Ellis, in ma ta New York ɗin ya shigo kenan, don da yawa ta Boston suka sauka ko ta Quebec a Kanada su gangaro. Kuma ko waɗanda suka bi ta Ellis ɗin ba a can ake raɗa musu suna ba, jerin sunayen fasinjoji tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta shi, ma'aikatan can dubawa kawai suke yi suna tambayar mutum. Kusan duk gidan da na taɓa yi wa wannan aikin sai sun ba ni labarin nan na Ellis, kuma har yau ban ga wanda takarda ta gaskata ba. Mutanen da kansu suke canjawa, a hankali, wani wajen aiki saboda shugaban leburori ya kasa furta sunan, wani a makaranta malama ta rubuta wa yara yadda kunnenta ya ji, wani kuma don ya gaji da wasiƙarsa na zuwa gidan maƙwabci. A lokacin babu dokar da ta tilasta sai ka je kotu kafin ka sake suna, yau ka ce kai wane ne shikenan ya bi ka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne a binciken mutanen Suwidin suna shi ne abu mafi rauni a hannunka. Abu biyu ne masu ƙarfi, cikakkiyar ranar haihuwa, da sunan gundumar cocin da aka haifi mutum, wadda su suke kira socken ko församling. In ka samo biyun nan ko da sunan ya canja sau uku za ka kama shi. In babu su ko shekara za ka yi kana buga Nelson ba za ka tashi da komai ba.

Dalili kuwa mu Hausawa bai kamata ya ba mu wuya ba don irin tsarinmu ne. Ka ga yadda Sani ɗan Musa yake zama Sani Musa, ɗansa kuma ya zama Kabiru Sani, sunan Musa ya faɗi a hanya, haka mutanen karkarar Suwidin suke yi har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Ɗan Nils shi ne Nilsson, 'yar Nils kuma Nilsdotter, mace ko ta yi aure tana nan da sunan ubanta ba ta ɗaukar na miji. Sai a 1901 aka yi dokar da ta tsara sunan iyali mai ɗorewa. Saboda haka John Nelson ɗinku abu na farko da za a zata shi ne Johan Nilsson ne, wato Johan ɗan Nils, amma mahaifin nasa ba Nilsson ba ne, zai iya zama Nils Andersson ko Nils Persson ko Nils kowa. Nan ne masu farawa suke faɗawa rami, su je suna neman iyalin Nilsson a wani ƙauye alhali gidan da yaron ya tashi babu mai amsa wannan sunan sai shi da 'yan'uwansa maza. Kuma akwai juyin waina, wasu da suka isa Amurka suka ga kowa da ubansa sunan ƙarshe ɗaya suke amsawa sai suka ɗauki na uban, kaga mutumin da yake Nelson a Minisota zai iya kasancewa Johan Andersson ne a littafin coci, uban ne Anders Nilsson. Shi kansa John ɗin bai tsaya a Johan ba, Johannes, Jonas, Jan, Jon, Jöns, duk John suka koma.

Canjin yana da hanyoyin da ya saba bi, in ka san su ka rage wahala. Mafi sauƙi shi ne zubar da s ɗaya, Andersson ya zama Anderson, Karlsson ya zama Carlson. Sai waɗanda aka lanƙwasa su yi kama da sunan Turawan Ingila, Svensson ya koma Swanson, Bengtsson ya koma Benson, Persson ya koma Pearson ko Peterson, Månsson ya koma Monson ko Munson, Håkansson ya koma Hawkinson. Johnson kam shi ne babban kwando, Johansson da Jonsson da Jansson da Jönsson duk a ciki suka zube, shi ya sa in aka kawo min aikin Johnson nake fara jan numfashi. Sai kuma masu bin kunne. A yarensu lj kamar y ake furta shi, don haka Ljungqvist ya zama Youngquist, kj kuma ya yi kusa da c ɗinmu sai Kjellberg ya zama Chellberg, å kuma o ce, Åberg ya zama Oberg. Wasu fassara rabin sunan suka yi, Sjöberg ya zama Seaberg, Nyström ya zama Newstrom, Stenberg ya zama Stoneberg. Sunayen farko ma haka, Anders Andrew, Per Peter, Karl Charles, Sven Swan, Lars kuma sau da yawa Lewis ko Louis, mata kuma Karin ta zama Carrie, Kerstin ta zama Christine.

Amma akwai waɗanda babu wata ƙa'ida da za ta kai ka gare su don sabon suna fil suka ɗauka. Ka san Charles Lindbergh da ya tsallake tekun Atlantika shi kaɗai a jirgin sama a 1927, toh kakansa Ola Månsson ne, ɗan majalisar dokokin Suwidin daga yankin Skåne, rikicin kuɗin banki ya taso masa ya bar ƙasar a 1859, ya sauka Minisota a matsayin August Lindbergh. Ko Joe Hill mawaƙin ƙungiyar ƙwadago da aka kashe a Utah a 1915, a garin Gävle aka haife shi a 1879 da suna Joel Hägglund, a tsakani kuma ya yi amfani da Joseph Hillström. Wa zai zauna ya hasko Hägglund daga Hill?

Sai sunan soja, wannan shi ya fi ba ni sha'awa. Tun daga shekarun 1680 har 1901 tsarin sojansu shi ne gonaki kaɗan su haɗu su ɗauki nauyin soja ɗaya, su ba shi ɗan gida da 'yar gona. Da yake in kwamanda ya kira Andersson mutum goma za su amsa, sai a ba kowa gajeren suna na aiki, Rask mai zafin nama, Modig jarumi, Stark ƙaƙƙarfa, Svärd takobi, Sköld garkuwa, irin su. Abin lura shi ne sau da yawa sunan na gurbin ne ba na jini ba, in soja ya yi ritaya wanda ya gaje shi sai ya ɗauki sunan alhali ko dangin nesa ba su haɗa ba, 'ya'yan sojan kuma wasu su riƙe sunan wasu su koma ɗan wane. Na taɓa yin aikin wani gida masu amsa Young, su a zatonsu ma Ingila suka fito ta wannan ɓangaren, sai wata tsohuwar takardar coci ta nuna Ljung ne, sunan sojan uban ne a yankin Småland, yaron bai taɓa amsa shi a gida ba sai da ya tsallaka teku ya ga masu irin sunansa sun yi yawa a masana'antar da yake aiki ya jawo na babansa.

Toh yanzu aikin kansa. Kada ka fara da Suwidin. Na san zuciya can take ja amma a Amurka amsar take ɓoye, daga nan za ka yi baya. Ku fara da akwatin surukarka da na duk wata gwaggo da ta rage a dangin, tsohon Baibul na gida wanda ake rubuta haihuwa da rasuwa a shafin farko, wasiƙu, hotuna musamman bayansu don masu ɗaukar hoto na lokacin suna buga sunan garinsu, da wata takarda da ake kira flyttningsbetyg, ita ce shaidar da limamin coci ke ba mai barin gunduma, tana ɗauke da sunansa na asali da ranar haihuwa da inda aka haife shi. In kuka ci sa'a kuka samu wannan an gama rabin aiki a zaune. Duk wani rubutu da ba ku iya karantawa ku ɗauke shi hoto kada a yar.

Daga nan ƙidayar jama'a ta Amurka. Ta 1900 ita ce abokiyarka, tana ba da wata da shekarar haihuwa da shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Ta 1890 kada ka wahalar da kanka, gobara ta ci mafi yawanta a 1921, amma Minisota ta yi nata ƙidayar a 1885 da 1895 da 1905 suna cike gurbin. Kada ka yarda da shekarar shigowa ɗari bisa ɗari, mutum ɗaya zai ce 1882 a wannan ƙidayar ya ce 1884 a ta gaba, wani lokacin ma matarsa ce ko ɗan haya ya amsa wa mai ƙidayar. Kuma ka duba maƙwabta a shafin, mutanen nan ba su cika tafiya su kaɗai ba, 'yan gari ɗaya suke bin juna wani ya aiko wa wani tikiti, in naka ya ƙi buɗuwa na maƙwabcinsa zai iya nuna maka gundumar. Takardar zama ɗan ƙasa kuma in kafin ƙarshen 1906 aka yi ta galibi ba ta cewa komai sai ya bar biyayya ga sarkin Suwidin da Norwe, don ƙasashen biyu sarki ɗaya suke da shi har 1905, bayan 1906 ne aka fara rubuta garin haihuwa da jirgi da ranar sauka. Matan aure kuma kafin 1922 ta hannun miji suke samun zama 'yan ƙasa, ba za ka ga tasu takardar daban ba.

Inda na fi samun nasara shi ne littattafan cocin 'yan Suwidin na Amurka. Fastocin Augustana, ƙungiyar cocin Lutheran da suka kafa a 1860, da tarbiyyar rubutu ta gida suka zo, a rajistar mambobi suna rubuta ranar haihuwa, gundumar haihuwa, da shekarar zuwa Amurka, wani lokacin har da sunan da mutum ya zo da shi a gefen sabon. An ɗauki hotunan littattafan nan, cibiyar Swenson da ke kwalejin Augustana a Rock Island ta jihar Illinois tana da su, da yawa kuma suna shafin binciken asali na Ancestry. Matsalar kawai ba kowa ya shiga coci ba, wasu ma gudun takurar cocin gwamnati na cikin abin da ya kore su daga gida, toh sai ka duba inda aka ɗaura aure da inda aka yi wa yara baftisma ko da iyayen ba mambobi ba ne. Sai jaridun yaren Suwidin da ake bugawa a Amurka irin su Hemlandet da Svenska Amerikanaren, sanarwar rasuwa a cikinsu ta fi ta jaridun Turanci amfani nesa ba kusa ba, ta Turanci za ta ce an haife shi a Suwidin ta yi shiru, tasu kuwa sai ta faɗi gunduma da lardi don masu karatu su gane ɗan garinsu ne. Ƙungiyar tarihi ta Minisota ta sa da yawa a intanet kyauta, kuma a kusa da kai take.

In sunan gari ya fito kada ka yi saurin murna. In an ce daga Göteborg yake, sau da yawa tashar jirgi ce kawai ya tuna, in an ce Småland ko Värmland yanki ne guda mai gundumomi barkatai, ƙasar kuma tana da gundumomin coci wajen 2,500 wasu suna iri ɗaya, gunduma mai suna Tuna kaɗai akwai ta a lardi fiye da ɗaya. Rubutun ma zai zo a karkace don Ba'amurke ne ya rubuta abin da ya ji.

Da ranar haihuwa a hannu sai ka tsallaka. Akwai rumbun bayanai biyu da za ka fara da su. Emibas an tattara shi daga littattafan coci, mutum sama da miliyan ɗaya da aka rubuta sun fita, kuma kana iya bincike da ranar haihuwa zalla ba tare da suna ba, wannan ita ce dabarar, ka sa ranar ka bar gurbin suna fayau ka ga su waye suka fito, sannan ka duba wanne ne ya yi kama da John Nelson. Emihamn kuma daga rajistar 'yan sandan tashoshin jirgi ne, ta Göteborg ta fara daga 1869, ta Malmö daga 1874, tana nuna shekaru da inda mutum ya fito da garin da ya nufa. Yawancinsu daga Göteborg jirgin kamfanin Wilson suke hawa zuwa Hull a Ingila, su hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, daga can babban jirgi, jirgin kai tsaye na kamfanin Suwidin sai 1915 ya fara. In ba ka gan shi a nan ba ka duba Copenhagen ta Denmark da tashoshin Norwe, samari masu gudun aikin soja da masu bashi a wuya ta can suke sulalewa ba takarda, a littafin coci sai ka tarar an mayar da su shafin obefintliga, waɗanda ba a san inda suke ba.

Wajen kwanan wata ka yi hattara, ni kaina ya taɓa cin ni. Ba'amurke wata yake fara rubutawa, ɗan Suwidin rana yake farawa da ita, na ga 4/7 a wata takarda na ɗauka 7 ga Afrilu, na yi sati uku ina bin wani bawan Allah har na gina masa zuriya guda, ashe 4 ga Yuli ne, mutumin da nake bi ma bai taɓa barin ƙauyensu ba a can ya mutu. Kuma ko ranar ta bambanta da kwana ɗaya ko biyu, ko shekara ta goce da ɗaya, kada ka yar da mutum nan take, limamai ma suna kuskure wajen kwafa daga littafi zuwa littafi.

Ranar da ka buɗe littafin gundumar da ta dace za ka gane me ya sa masu wannan aikin suke son Suwidin. Tun dokar coci ta 1686 aka ɗora wa limamai rubuta jama'arsu, kuma akwai wani littafi husförhörslängd wanda asalinsa na jarrabawa ne, liman yana zagayawa duk shekara yana gwada karatun mutane da sanin addininsu. Kowane shafi gona ce ko gida, maigida a sama da matsayinsa, in torpare ne wato mai noma 'yar gonar aro yana biya da aikin ƙarfi, sai matarsa, sai yara a jere babba zuwa ƙarami, a ƙasa barori, dräng namiji piga mace. Gaban kowane suna ranar haihuwa, gundumar haihuwa, alamar rigakafin agana, makin karatu, daga ina ya zo, ina ya koma. Yara galibi sunan farko kawai ake sa musu, shi ya sa na ce maka suna ba zai cece ka ba. Wanda ya tashi sai a ja layi a kan sunansa, can gefen dama ka ga an rubuta N. Amerika da kwanan wata da ɗan siririn rubutu. Na sha ganin shafi ɗaya yara biyar an soke su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara shida ko bakwai, duk Amerika, sai tsofaffi biyu suka rage a sama ba layi. Mutum wajen miliyan 1.3 ne suka bar ƙasar zuwa Amurka tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da 1930, yunwar 1867 zuwa 1869 ta tura na farko da yawa, shekarun 1880 kuma lokacin kakan naku abin ya fi ƙamari, har ya zama a 1900 in ka cire Stockholm kuma ka haɗa da 'ya'yansu da aka haifa a Amurka, babu birnin da ya kai Shikago yawan 'yan Suwidin.

Hotunan littattafan nan suna shafin Riksarkivet, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, kyauta tun 2018. Shafin ArkivDigital na kuɗi ne amma hotunansu masu kala ne sun fi fita, kuma fihirisarsu tana rage wahala sosai, ni shawarata ka tara tambayoyinka tukuna sannan ka biya na wata ɗaya ka yi aikin a dunƙule. In kana bincike ka tuna å da ä da ö haruffa ne masu zaman kansu a ƙarshen jeri, ba a da o ba ne masu ado, sannan w da v ɗaya ne a wajensu a lokacin, haka k da c, haka qv da kv, Gustaf da Gustav mutum ɗaya ne.

Saura tabbatarwa, don samun wani Johan Nilsson mai ranar haihuwa irin ta naku bai isa ba. Ina so ka ga aƙalla abu uku sun haɗu, ranar haihuwa, shekarar fita ta yi daidai da ta shigowa Amurka, da sunan wani ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ya bayyana a ɓangarorin biyu. Kuma ka bi shi gaba a littafin ka tabbata bai dawo ba, don kusan ɗaya cikin biyar sun koma gida. Hujjar da ta fi kowacce daɗi ita ce bouppteckning, takardar ƙididdigar dukiyar mamaci da ake yi kafin rabon gado, dole a jera magada duka har na ƙasar waje, toh in iyayensa sun rasu bayan ya tafi za ka iya ganin an rubuta ɗansu Johan yana Arewacin Amurka, wani lokacin da garin da yake da sabon sunan da yake amsawa, tsohon suna da sabo a layi ɗaya.

Gwajin DNA da ka tambaya a ƙarshe, eh yana taimakawa, 'yan Suwidin da yawa sun yi musamman a kamfanonin MyHeritage da FamilyTreeDNA, amma surukarka za a yi wa ba matarka ko yara ba, ita ta fi kusa da shi da tsani ɗaya, in akwai wanda ya girme ta a wannan layin ma shi ya fi. Ba zai ba ka suna ba, zai dai nuna maka dangin nesa sun taru a wane yanki, daga nan ka koma littafi.

In ka samu ranar haihuwar, ko daga dutsen kabarinsa ne ko takardar rasuwa, ka turo min ita tare da sunan garin da ya fara zama a Minisota da sunayen 'ya'yansa a jere yadda aka haife su, don sau da yawa ɗan fari sunan kakansa yake ci, in leƙa maka Emibas in ga su wa za su fito. Ka gaida madam da yaran.